Lotsattsun Gwangwanayen Gwaggo

Ba na ƙaunar Gwaggo, kuma gara in faɗa tun yanzu, kada wani ya kai tsakiyar labari ya ce na ɓoye masa. Yayar mahaifina ce, ita ta raine shi, kuma duk wanda ya san mu zai gaya maka mace ce mai kirki da riƙon zumunci. Ni ma ban ce ƙarya suke yi ba. Sai dai akwai kirkin da in ya shigo gidanka gara ɓarawo, don shi ɓarawo ka san abin da ya zo yi. Rigimata da ita a kan abu ɗaya ce, ƙafar Baba ta dama, wadda yake taka totur da birki da ita, wadda kuma da ita muke ci.

Iyayensu sun rasu tana budurwa, shi kuwa ko makaranta bai shiga ba. Sai ta ɗaura ɗamara ta nemi aiki a masana'antar da ke bayan tashar jirgin ƙasa, inda ake zuba 'ya'yan itace a gwangwani. Abu ɗaya suke sarrafawa, fic, ɗan itacen nan mai launin rawaya da ja-ja, mai laushin gashi a fatarsa da ƙwallo guda a tsakiya. A can ta ƙarar da ƙuruciyarta da tsakiyar shekarunta, a tsaye. Na san aikin kamar ni na yi shi, don babu zaman da za a yi da Gwaggo ba ta sake bin layin daga farko ba. Motoci su sauke akwatuna, a tsaga kowane ɗa gida biyu, mata su sa wani lanƙwasasshen cokali su ƙwaƙule ƙwallon, a kife ɓarin a kan bel mai tafiya ya bi ta cikin ruwan zafi mai soda wanda ke saɓule fatar, a ɗauraye, a jera a gwangwani, a tsiyaya ruwan sukari mai kauri har wuya, a rufe, a dafa. Ruwan sodar ya cinye mata zanen yatsu tas, har wayar zamani ba ta gane yatsanta. Tana nuna wa mutane wannan da alfahari, kamar lambar yabo aka ba ta.

Da tafiya ta yi tafiya suka naɗa ta shugabar layin mata. Mai Cokali suke kiranta, saboda da bayan cokalin take ƙwanƙwasa tebur in ta ga an bar ɗigon fata a jikin ɓari, wani lokacin kuma ba teburin take ƙwanƙwasa ba. Ta yi aure sau ɗaya, bai yi ƙarko ba. Ban taɓa ganin mutumin ba, amma ina yi masa fatan alheri duk inda yake, don na san abin da ya gani.

Masana'antar tana da wani tsari. Gwangwanin da ya faɗi ya lotsa ba a kai shi kanti, sai a jefa shi a wani babban kwando a bakin ƙofa, ma'aikata su ɗiba in sun tashi. Da waɗannan lotsattsun gwangwanaye Gwaggo ta raini Baba. Ranar da babu abin ɗorawa a wuta, sai ta fasa ɗaya, ta ba shi ɓarin ya cinye, ta kafa masa gwangwanin a baki ya shanye ruwan, ita ta lashe cokali ta kwanta. Wannan gaskiya ne, ban taɓa musu ba, kuma na yarda ba kowace yaya ce za ta yi haka ba. Amma na ji labarin har ya gundure ni, kuma kullum da magana ɗaya take rufe shi, wai ƙarfin yana cikin ruwan. A wurinta ɓarin fic ɗin rakiya kawai ya yi. Ruwan sukarin ne abinci, shi ne magani, shi ne abin da ya tsayar da ƙaninta da ƙafafunsa.

Ɗanyen ɗan itace kuwa, ba ta ɗauke shi abinci ba. Ta ga yadda yake isowa a akwati, da ƙura da kashin tsuntsu da tsutsa da warin maganin feshi, don haka a idonta duk abin da bai bi ta ruwan soda ya shiga gwangwani ba, aiki ne da ba a gama ba. Wanda ta fi tsana shi ne naktarin, ɗan'uwan fic mai santsin fata marar gashi. Masana'antarsu ba ta taɓa sa shi a gwangwani ba, shi ke nan ta yanke masa hukunci. In ta gan shi a teburin mai kayan marmari sai ta taɓe baki ta ce ga wanda aka ƙi ɗauka aiki nan.

Ta yi ritaya tun ina makaranta, amma kwandon bakin ƙofa bai yi ritaya da ita ba. Matan da ta horar suna ajiye mata kasonta. Ɗakinta ɗaya ne a saman wani shagon walda, kuma in ka shiga, gwangwanaye ne a ƙarƙashin gado, a kan kabad, a bayan ƙofa, yawancinsu babu takarda a jiki, kowanne da irin lotsawarsa. Haihuwa, rashin lafiya, gaisuwar mutuwa, duk inda za ta je sai ka ji jakarta tana ƙwaram-ƙwaram tun daga bakin titi. Mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, ta sha fama da jakar nan da mai jakar, wadda kan shiga kicin ɗinta ta shafa yatsa a bayan tukunya ta ɗaga ta duba. Bayan rasuwarta muka rage ni da Baba, ni kuma na gaji kicin ɗin, na gaji yatsan.

Baba direban bas ne a wani kamfanin sufuri, kuma ya daɗe da ciwon sukari, yana shan ƙwayoyinsa in ya tuna. Wata rana sabon takalmi ya ɗaye masa fata a babban yatsan ƙafar dama. Bai ji zafi ba, don ciwon ya riga ya kashe masa jin ƙafar, sai da na ga jini a safa. Aka wanke, aka ɗaure, aka jira, gyambo ya ƙi rufewa. Likita ya duba ya ce magana ɗaya ce. In sukarin jininsa ya sauka kuma ya daina taka ƙafar, naman zai haɗe. In bai sauka ba, to a fara shirin rabuwa da yatsan, wataƙila da abin da ya fi yatsan. Kamfani ya ba shi hutu, suka ce motarsa tana jiransa, amma ba har abada ba.

Daga ofishin likita aka tura mu wurin wata ma'aikaciyar jinya mai yi wa masu ciwon sukari bayanin abinci. Tare da Gwaggo muka shiga, don ba ta yarda a kai ƙaninta ko'ina ba da ita ba. Matar ta yi ta faɗin abin da zai rage da abin da zai bari, Baba yana gyaɗa kai a sanyaye, sai can ya tambaya a hankali ko shi da fic ma sun rabu ke nan. Ta yi dariya ta ce ko kusa. Ta ce ya ci ɗanye guda a rana, fic ko naktarin, a wanke shi sosai a ci da fatarsa. Yawancinsa ruwa ne, sukarinsa bai kai yadda baki ke ji ba, yana da bitamin C da jiki ke bukata wajen haɗe rauni, da bitamin A mai amfani ga ido da fata, da sinadarin da ke taimaka wa mai hawan jini. Zare-zaren da ke cikin naman da fatar kuma shi ke sa sukarin ya shiga jini sannu a hankali, ya kuma sauƙaƙa bayan gida. Sannan ta ɗaga yatsa ta ce abin da ba ta yarda da shi ba shi ne na gwangwani, domin ruwan cikinsa sukari ne aka narka, kuma ga mai irin ciwon Baba da gyambo a ƙafa ba shi da maraba da guba.

Gwaggo tana zaune da kunnuwanta biyu. Ta ɗauki rabin farko na maganar ta sa a jaka, ta bar rabi na biyu a kan teburin asibiti. A hanya ma har cewa ta yi, ashe dai masu karatu sun fara gane abin da ta sani tun kafin a haife su.

Ni tela ce, ina fita da safe in dawo da yamma. Na shiga aikin ƙafar nan da duk ƙarfina. Na ɗauke sukari daga gidan, na rage masa burodi da shinkafa, na koyi wanke gyambo ba tare da na kau da kai ba. Kullum in na taso sai in tsaya wurin mai kayan marmari na kwanar layinmu in zaɓi naktarin wanda ya ɗan yi laushi kuma yake ƙamshi, in wanke, in yayyanka da fatarsa in kai wa Baba. Yana ci, har yana cewa da daɗi. Ranar da Gwaggo ta fara tarar da farantin a gabansa, ta ɗauke shi, ta zaro wuƙa daga jaka, ta zauna tana fere kowane yanki tana tara fatar a gefe.

"Gwaggo, da fatar aka ce ya ci," na ce.

"Auta ba akuya ba ne," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ke kin san hannu nawa ya taɓa wannan kafin ya zo gidan nan?"

Auta take kiransa, mutumin da furfura ta gama cinye masa gemu. Na haɗiye maganata saboda girmanta. Na ce a raina in fata ce kawai matsalar, ai da sauƙi.

Amma sukari ya ƙi sauka. Da safe in na soki yatsansa na gwada, na'urar gwajin ta nuna abin da hankali zai ɗauka, da yamma kuma ta yi sama kamar ban yi komai ba. Gyambon ya faɗaɗa, bakinsa ya yi fari, ya fara wari. Duk zuwanmu asibiti likita sai ya tambaye ni me nake ba shi, in faɗa, ya yi min irin kallon da ake yi wa wanda ake ganin ƙarya yake amma ba a son kunyata shi. Na canja wa na'urar batir. Na ƙara rage abinci har Baba ya fara ce min gandiroba. A shago ina kuskuren awo, ina ɓata yadin mutane, ina share hawaye a ɓoye, ina ganin ni ce ban iya jinya ba. A duk tsawon lokacin nan Gwaggo tana zuwa kullum da rana bayan na fita, wai ta taya shi hira kada kaɗaici ya kama shi. Har godiya nake yi mata, kuma wannan godiyar ita ce abin da ya fi ƙona min rai har yau.

Kiyashi ne suka tona asiri. Ina shara a ɗakin Baba na ga sun ja layi daga gindin taga, sun bi bango, sun shige ƙarƙashin gado. Ruwa ba ya tsami banza, kuma a gidan da babu ko ƙwayar sukari kiyashi ba su da abin nema. Na durƙusa na bi su har cikin takalmin aikinsa na dama, wanda ƙafar ta daina shiga. A ciki akwai lotsattsen gwangwani, an buɗe, an sha rabi, an rufe bakin da leda. Gwaggo ba ta barin shaida, tana wanke gwangwaninta ta mayar jaka. Wannan Baba ne ya roƙi ragowa ya ɓoye wa kansa.

Na bar gwangwanin inda na same shi. Washegari na fita kamar kullum, na rufe shago da rana tsaka, na dawo na cire takalmina a bakin ƙofa. Ƙofar ɗakin a buɗe take. Gwaggo tana zaune a bakin gado da gwangwani a hannu, tana yanka ɓarin da gefen cokali tana kai masa baki, shi kuma ya jingina da matashi, ƙafar da aka naɗe da bandeji tana kan kujera, yana buɗe baki yana karɓa. Da ɓarin ya ƙare ta tallafi ƙeyarsa ta kafa masa gwangwanin, na ji maƙogwaronsa yana aiki. Tun rasuwar mahaifiyata ban ga natsuwa a fuskarsa irin ta wannan lokacin ba, kuma wannan ma ya ƙara min haushi.

Na fizge gwangwanin, ruwan ya zube a kan zanin gado. Baba ya sha jinin jikinsa ya sunkuyar da kai. Ita ko gezau.

"Da kunnena na ji matar asibiti ta ce fic magani ne," ta ce.

"Ɗanye ta ce, Gwaggo. Ta ce wannan ruwan zai cinye masa ƙafa. Kina zaune a wurin."

"Ɗanye da dafaffe uwarsu ɗaya. Nawa ma ya fi tsabta. Kin sa yaro a gaba da yunwa, duk ya bushe, kina ba shi ɓawo kina cewa magani. Da wannan ruwan na tashe shi lokacin da ko uwarki ba ta san da shi a duniya ba. In yana kisa, da ba a haife ki ba."

Na juya wurin Baba ina jiran ya ce wani abu. Ya dubi bandejinsa, sannan ya ce, "Mamana, ki yi haƙuri. Yaya ce."

Abin da ya iya faɗa ke nan, mutumin da ke tsawata wa fasinja cikin mota maƙil ba ya jin tsoro. Duk da haka na nemi sulhu, kada a ce ban nema ba. Na koma wurin ma'aikaciyar jinyar na tambaya, ta ce in dai babu yadda za a yi, a tsiyaye ruwan a zubar, a ɗauraye ɓarin da ruwan famfo, a ba shi kaɗan, don ɓarin kansa bai rasa duka amfaninsa don an dafa shi ba. Na hau matakalar shagon walda da wannan albishir, har da ƙarin gishiri cewa an yaba wa aikinsu. Gwaggo ta shimfiɗa min abin zama, ta fasa gwangwani ta ajiye a gabana da cokali, ta naɗe hannu tana jiran ta ga ko zan ci. Da na gama bayani ta yi min kallon hadarin kaji. Ta ce ita ta san wahalar da ake sha kafin ruwan nan ya yi kaurin da ya dace, ta ga matan da tururinsa ya ƙona, kuma ba a haifi wanda zai sa ta tsiyaye shi a rariya ba. Ta ce ba wa mutum ɓari babu ruwan daidai yake da ba shi kwano babu abinci. Nan na gane ba rashin fahimta ke damunta ba. In ta yarda ruwan yana cutar da shi, to ta yarda abin da ta tsaya a kansa rayuwarta kaf zai iya zama cuta, kuma gara mata komai ya faru da ta yarda da wannan. Na tashi na bar mata gwangwaninta ban taɓa ba.

Kafin in sauko na karɓe makullin gidanmu daga hannunta, na ce kada ta sake shigowa in ba na nan. Yamma ba ta yi ba waya ta ishe ni. Dangin da ba su taɓa zuwa sun ga gyambon ba suka yi min wankin babban bargo, wai marar kunya, marar tarbiyya, wadda ta raba ɗan'uwa da 'yar'uwarsa. Wata ma ta tuna min cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano ba. Na ce mata ta zo ta hango warin ƙafar da kanta, na kashe wayar.

Sukarin ya sauka, har likita ya yi min murmushi. Naman gefen gyambon ya fara ja, warin ya ragu. Baba ya soma maganar motarsa, yana cewa wanda aka ba ta riƙo zai gama masa da kuloci kafin ya koma. Na yi barci mai daɗi a kwanakin nan. Sai kuma na'ura ta sake tashi. Wannan karon ban zargi kaina ba, na je na shafa bakin taga, yatsana ya manne. Ta tsakanin ƙarafunan taga Gwaggo take miƙo masa, tana tsaye a lungu da rana tsaka kamar mai sayar da abin da doka ta hana. Na kira kafinta ya buga raga mai ƙananan idanu. Amma da ɗan gari akan ci gari, kuma ni ba zan kulle mahaifina a ɗaki kamar dabba ba. Mutumin da aka ce kada ya taka ƙafarsa ƙasa sai ya koma jiran in fita, ya zura silifas a kan bandeji, ya dogara sanda ya ɗingisa har kwanar layi, inda take jiransa a kan benci da cokalinta. Mai kayan marmari ne ya gaya min, yana ta kame-kame, bayan abin ya riga ya yi nisa.

Dangi sun ce da ban hana ta shiga ba, da bai taka ƙafar ba. Su faɗa, baki nasu ne. Ita da ta ga ƙaninta yana jan ruɓaɓɓiyar ƙafa a kan kwalta don ya iso wurinta, ta buɗe jaka maimakon ta kora shi gida, ita babu wanda ya tambaye ta komai.

Yatsan ya yi baƙi, baƙin ya haura, zazzaɓi ya rufe shi. Aka kwantar da shi, aka gwada allurai, a ƙarshe likita ya kira ni gefe ya nuna min da gefen hannunsa inda za su yanke, ƙasan gwiwa kaɗan. Ya ce kada in ɗora wa abu ɗaya laifi, ciwon ya daɗe yana cin jijiyoyin, shekarun wasa da magani ma da nasu kason. Na ce na ji. Amma da idona na ga naman nan ya fara ja, kuma na san abin da ya mayar da shi baya. Kamfani ya aiko da gaisuwa, motar kuma ta zama ta wanda aka ba riƙo.

Ranar aikin da safe na tarar da Gwaggo a kan bencin barandar asibiti, ta riga ni zuwa, jaka a kan cinya ta rungume ta da hannu biyu. Ban gaishe ta ba, karo na farko a rayuwata. Na zauna a ɗaya ƙarshen bencin. Tana ba matar da ke kusa da ita labari, da muryar da ta tabbata zan ji, cewa 'yar cikinsa ce ta yi ta ɗura masa ɗanyun 'ya'yan itace da ɓawonsu har ƙazanta ta shiga jininsa. Matar tana jinjina kai tana satar kallona. Amma na lura bakinta ne kawai ke aiki. Duk lokacin da ƙofar ɗakin tiyata ta motsa sai ta yi shiru, ta ƙanƙame jakar har gwangwanayen su yi ƙara.

Da la'asar Baba ya farfaɗo. Ni kaɗai aka bari a wurinsa. Bargon ya tashi a gefen hagu, a gefen dama ya kwanta a shafe daga gwiwa zuwa ƙasa, na kasa daina kallon wurin. Ina jiƙa auduga ina goga masa a leɓe sai ya buɗe ido. Ya dube ni, ya dubi bayana, ya motsa baki. Na sunkuya.

"Yaya," ya ce. "Ina Yaya?"

Ni na wanke gyambon, ni na sha warinsa, ni na sha zagin dangi. Amma na miƙe na fita, don ba ranar gardama da shi ba ce. Na tsaya a gabanta na ce yana kiranta. Ta yunƙura da jakar.

"Jakar ta tsaya a nan," na ce.

"Ban taɓa shiga wurinsa hannu rabbana ba."

"To yau za ki fara, ko kuma ki zauna."

Muka tsaya muna kallon juna, mutane suna ratsa mu. Na ɗauka zagi ne zai fito daga bakinta. Sai ta ajiye jakar a kan benci a hankali, ta gyara mata zama, ta biyo ni. A bakin gadon ta tsaya. Ta dubi inda bargon ya kwanta, ta kau da kai da sauri, ta rasa inda za ta sa hannuwanta, ta goge su a jikin riga, ta sake gogewa. A ɗan wannan lokacin tsohuwa kawai na gani, ƙarama, rankwafaffiya, kuma saura kaɗan in tausaya mata.

Baba ya dubi fuskarta, sannan idonsa ya sauka kan hannuwanta.

"Yaya, ba ki zo min da komai ba?"

Ga dama ta samu. Kalma ɗaya nake jira, ko da ba ta dube ni ba, ko da cewa za ta yi ya haƙura, wannan ya wuce. Ta gyara masa bargo a kafaɗa, ta shafa goshinsa.

"Na zo da shi, Auta," ta ce. "'Yarka ce ta hana."

Ya juyo da kai ya yi min kallon da ban taɓa gani a idonsa ba, sannan ya mayar da fuskarsa wajen bango. Ta ja kujerar da na tashi a kai ta zauna, ta riƙe hannunsa. Ni kuma na tsaya a ƙarshen gadon da jiƙaƙƙiyar auduga a hannu, daidai inda ƙafar ya kamata ta kai.